Amfilifayar da Muka Koya wa Gurnani

Har yau ban mance da Lahadin nan ba, ranar da wani makaɗin jita daga Tawa ya saurari amfilifaya mafi kyau da Malam ya taɓa haɗawa, ya sassauta murya ya ce ba ya so. Tunda kun matsa in ba ku labarin, ku masu koyon aiki a shagon nan yanzu, to ku ajiye ƙarfen dalma ku matso kusa. Kun san ni ba mai ɗaga murya ba ce.

A cikin shekarun 1980 ne, bayan an sake buɗe kan iyaka, mutanen Nijar suka dawo cin kasuwar Illela kamar da. Shagonmu a lokacin zauren gidanmu ne kawai. Maigidana Malam Ummaru, Allah ya jiƙansa, mai gyaran rediyo ne, amma abin da ya yi suna da shi haɗa amfilifayar masallaci. Daga nan har Gidan Katta, in ka ji ladan yana kira muryarsa tar kamar yana tsaye kusa da kai, to hannun Malam ne. Duk da kwalba yake haɗa su. Ku da kuka taso da ƙananan na'urori, kwalba ita ce bawul: gilashi ne kamar ƙwan fitila, sai ta ɗauki zafi ta yi ja a ciki kafin ta soma aiki, ita ke karɓar ƙaramin sauti ta mayar da shi babba. Muna samun su daga tsoffin rediyo da tsoffin amfilifayoyin motocin shela da aka yar.

Aikin a rabe yake. Malam ke zana yadda wuta za ta bi, shi ke haɗawa da dalma. Kafinta ke yin akwati. Ni kuma nawa naɗin taransfoma. Kwalba ba ta iya magana da lasifika kai tsaye, sai an sa taransfoma a tsakani, wato siririyar wayar tagulla da ake naɗawa layi bisa layi, a raba kowane layi da takarda, a cusa siraran faranten ƙarfe a tsakiya, a tsoma cikin narkakken kakin zuma don kada danshi ya shiga. In waya ɗaya ta hau 'yar uwarta, wata rana sai hayaƙi. Malam kuwa hannunsa na da gaggawa, naɗinsa sai ya fito kamar gammon da aka yi cikin fushi. Da na gama ajin yaƙi da jahilci na iya karanta lambobin jikin waya, sai ya ce in gwada. Ya haɗa mini injin naɗi da ƙafar tsohon keken ɗinki, ya kafa shi a rumfar cikin gida, jikin bangon zaure. Akwai 'yar taga a bangon, ta nan yake miƙo aiki in mayar masa. Masu kawo aiki ban san fuskokinsu ba. Da murya na san su.

Shekarar nan aiki ya ja baya ƙwarai. Ƙananan rediyo masu batir sun cika kasuwa, ba mai son ɗaukar akwati mai nauyi da sai an jira ya yi zafi. Ƙanen Malam, Alhaji Sani, ɗan kasuwa ne mai shiga Ƙonni yana fita, kullum sai ya zo ya ce a share zauren nan a zuba kaset a sayar. Malam ya yi ta ja, ƙarshe dai ya ce to, bayan kaka. Amma na san kaset ba ya bukatar naɗi. In aka share zaure, injina sai ya zama wurin shanya tsummokin yara, ni kuma in koma yadda nake da, ba ni da wani abu da hannuna ya iya wanda ba kowace mace a unguwa ta iya ba.

Ana cikin haka Salifu ya zo. Saurayi ne da ke kaɗa jita a bukukuwan aure a wajen Tawa, yana da ɗan janareta, ya ji labarin Malam a bakin direbobi. Ya ce yana son amfilifaya mai kwalba, tasa ta kansa, kafin bukukuwan kaka su kankama. Bayan ya tafi Malam ya leƙo ta taga ya ce, "Dije, wagga ita ta ta ƙarshe. Mu yi ta yadda in an buɗe ta bayan mun mutu za a ce an yi masu aiki ga Illela."

Muka yi ta kuwa. Na naɗa babbar taransfoma mai ƙarfe da yawa, irin ta masallacin Juma'a. Malam ya zaɓi kwalaben da ya daɗe yana ɓoyo.

Ranar karɓa, Salifu ya iso da hantsi. Malam ya fita tayar da janareta, ya bar shi zaune a zaure. Ina bayan bango, 'yata Hadiza na goye a bayana, sai na ji ya soma taɓa jitar ba wuta, a hankali. Kowace tsirkiya ya taɓa, sai wani zuuu ya biyo ta, kamar ana kaɗa 'yan ƙarafa. Na tsaya da abin da nake yi, don kunnena ya san abin, amma ban tuna daga ina ba.

Malam ya dawo ya ce, "Mi na wanga gwangwani da kam maƙala ga wuyan jita?"

"Ba komi, Patron, abin wasa na," in ji Salifu, don Patron 'yan Nijar ke ce wa maigida.

"Cire shi. Shi ka ɓata sauti."

Salifu ya cire, don yaro ne mai ladabi. Aka jona, kwalabe suka yi zafi, ya kaɗa. Wallahi sautin nan kamar ruwan randa, ba ƙura ba ƙaiƙayi. Malam ya murɗa har ƙarshe, kwanon rufi na rawa, amma sauti bai fashe ba. Ina jin yadda yake gyaran murya, na san yana jiran yabo.

Sai Salifu ya ce, "Patron, tana da ƙarfi, ban musa ba. Amma wagga muryar mai karanta labaru ta ga rediyo. Ni ba sanarwar rasuwa ni ka yi ba."

"To mi kaka so?"

"Ta yi rai. Ta ɗan yi… datti."

"Datti!" in ji Malam. "Tun ba a haife ka ba ni ka korar datti daga cikin akwati, kai ka taso tun daga Tawa ka ce in maido shi? Ka tai kasuwa ka sayi wadda lasifikarta ta yage, ta fi araha."

"Ba yagewa ba, Patron. Na taɓa jin ta sau guda ga wasu makaɗa a Yamai. Ban san sunanta ba."

Suka yi ta yi, ba wanda ya fahimci wani. Ƙarshe Salifu ya ba da haƙuri, ya ce kasuwa mai zuwa zai sayi ƙarama mai batir ya lallaɓa da ita. Ya bar jitarsa a gyara masa ramin jona waya da ke motsi, ya tafi. Malam ya rufe amfilifayar da buhu, ya ce a aika wa Alhaji Sani ya zo ya auna zaure.

Sai da nake kwashe tuwon yamma abin ya faɗo mini. Na kai wa Malam nasa, na zauna gefe, na bari ya ci rabi tukuna, don ba a yi wa Malam magana da yunwa.

"Malam, gwangwanin nan da ka sa ya cire, 'yan zobba gare shi a baki?"

Ya ɗago. "Ta tagar kinka leƙa?"

"Ban leƙa ba. Ji na yi."

Sai na ba shi labarin kawuna a Araba, makaɗin molo. A wuyan molonsa akwai ɗan fallen ƙarfe da aka huda gefensa aka zura ƙananan zobba. In ya taɓa tsirkiya, zobban su amsa da zuuu. Wata rana fallen ya ɓace ana gab da biki, kawu ya ƙi fita, ya ce molo tsirara yake, shi ba ya kai tsiraici gaban mutane. Sai da muka buɗe gwangwanin madara muka yi masa wani. Na ce, "Yaron nan ba datti yake nema ba. Zobban molo yake nema."

Malam ya ture kwanon tuwon gefe. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Kuma ko ya bar gwangwanin, wuta ba ta jin shi. Abin ɗaukar sautin jita tsirkiya kaɗai shi ka ji. Shi ya sa ya ka so akwati ya yi mishi." Sai kuma ya haɗe fuska. "Wato in gina abin da ka fashewa da gangan, in sa sunana bisa? Gobe liman ya ji ya ce hannun Ummaru ya lalace."

Na ce, "Gaskiya ne. Kuma ƙila ma ba ya yiwuwa."

"Mi ab ba ya yiwuwa?"

"Ka sa ta fashe daidai yadda ake so, ba ƙari ba ragi. Ai da wuya."

"Dije, abin da ni ka hana shi faruwa kullum ta Allah shi na ban san hanyar da shi ka biyowa ba?"

Na kwashe kwanuka na ba shi wuri. Da gari ya waye na tarar ya cika bayan kwalin sabulu da zane.

Ga abin da ya yi, ku riƙe, don har yau shi kuke yi ba ku san mafarinsa ba. A amfilifayar masallaci akwai wata 'yar waya da ke ɗauko sauti daga ƙarshe ta mayar da shi baya, ita ke tsawata wa kwalabe kada su wuce gona da iri. Malam ya cire ta. Sannan ya ƙara kwalba ɗaya a gaba, wadda za ta tura ta biyu fiye da abin da take iya ɗauka cikin natsuwa. Sai ya miƙo mini zane ta taga ya ce babbar taransfomar nan ta yi kirki da yawa, in naɗa ƙarama, mai ƙarancin ƙarfe, wadda za ta ƙoshi da wuri.

Wayar da aikin ke so siririya ce kamar gashi, kuma babu ita a kasuwa. Daga matacciyar taransfomar wata tsohuwar rediyo na warware ta, a hankali, ina bi da yatsa ina jin inda rufinta ya kankare in yanke. Hadiza na haƙori a makon, ba ta yarda a sauke ta, sai na gane ƙarar injin naɗi na sa ta barci. Haka muka yi aikin nan ni da ita, ina juyawa tana minshari.

Kunnawar farko, ba a ko taɓa jita ba, akwatin ya kurma wani ihu da ya sa kaji suka watse. Jakin maƙwabta ya amsa. Tanko tela, mai shago a gefenmu, ya ɗaga murya ya ce, "Malam Ummaru, in ba ya tashi ka yanka shi tun da sauran rai!"

Malam bai kula shi ba. Ya kashe, ya sauke wutar da ke maƙalewa a ciki, don kun sani ko an kashe akwatin kwalba yana iya jefar da mutum. Ya sa hannu ɗaya a baya kamar yadda yake koya wa kowa, ya bi wayoyi da tsinken icce. Ashe wayar shiga da ta fita sun kwanta kusa da juna, abin da ya fita yana komawa yana zagayawa. Ya raba su, ihu ya mutu.

Saura gwaji, kuma nan ne abin dariya. Malam bai iya jita ba, tsirkiya ɗaya yake ja kamar mai gwada tarko. Ni kuma ke da sautin a kunne. Sai ya zama yana zaure yana canja 'yan ƙananan kaya, ya ja tsirkiya, ni ina bayan bango ina ba da amsa.

"Yanzu hwa?"

"Bai kai ba. Har yanzu da rigarsa ta Juma'a."

Ya canja. "Yanzu?"

"Ya wuce. Wannan zuma ce ta shiga tulu."

"Ke dai ba a iya miki."

Muka yi ta yi har wata la'asar ya ja tsirkiya, sautin ya fito da kauri, yana da ɗan gurnani a gefensa, ya daɗe bai mutu ba. Na ce, "Malam, ɗauke hannunka. Kada ka ƙara taɓa komai."

Amma Malam bai yarda ya bar sunansa a hannun gurnani kaɗai ba. Ya sa maɓallin murɗawa biyu. Ɗaya na ƙarfin sauti, ɗaya na yawan turin da kwalbar gaba ke yi. In ka rage na biyun, muryar ta koma tar, ko ladan ya yi kira da ita. In ka ƙara, zobba su fito. Ya ce, "Duk wanda ya ce Ummaru bai iya tsabta ba, sai in murɗa mishi hagu." Daga nan ya kai akwatin wurin baduku aka rufe shi da jar fatar akuya, aka yi masa maɗauki mai ƙarfi, tunda a bayan mota zai yi rayuwarsa.

Lahadi ta zo, gari ya cika da 'yan kasuwa. Salifu ya shigo bayan azahar karɓar jitarsa, yana sauri kada masu kayan batir su tashi. Malam ya ce, kamar ba komai, "Jona ka gwada in gyaran ya yi. Ga wata nan, ba taka ba ta, ta gwaji ta."

Ya jona ya kaɗa. Murya tar. Ya ce, "Ya yi, Patron, na gode." Ina jin yana shirin zare waya.

"Ci gaba, ban ji da kyau ba," in ji Malam. Sai ya kai hannu ya murɗa maɓalli na biyu.

Salifu ya taɓa tsirkiya sau ɗaya ya tsaya. Ya sake taɓawa.

"Patron… mi kay yi mata?"

"Datti na zuba. Ba shi kac ce ba?"

Abin da ya biyo baya ban iya kwatanta muku shi sosai. Yaron nan ya gano da kansa cewa in ya shafa tsirkiya a hankali muryar na fita da tsabta, in ya danna da ƙarfi sai ta yi gurnani, wato abin yana bin hannunsa. Ya soma wani kiɗi irin na ƙasarsu mai tafiya kamar raƙumi, yana kaɗawa yana dariya shi kaɗai. Keken Tanko tela ya tsaya. Masu wucewa da awaki suka tsaya. Kafin a jima ƙofar gida ta cika, har da wasu Buzaye masu rawani da suka bar raƙumansu suka zo suna tafi. Wani tsoho ya ce da ƙarfi, "Kai, wanga molo na da ya tai birni ya dawo!" Ranar ce kaɗai na tashi daga kan injina na je na ɗaga gefen asabarin ƙofar zaure na leƙa. Na ga Malam tsaye jikin bango, hannu a ƙirji, yana ƙoƙarin kada a ga haƙoransa.

Da Salifu ya tsaya, gumi ya jiƙe masa riga, ya kama hannun Malam da hannu biyu. Malam ya ce, "Ni hanya na gina. Mai kunnen tana bayan bangon ga, ita ta naɗa taransfomar kuma. Can za ka kai godiya."

Sai na ji murya daf da taga. "Inna, sannu da aiki. Don Allah ina kinka san wagga murya?"

Na ce, "A Araba, wurin kawuna mai molo."

Ya yi dariya har da buga ƙafa. "Kakana ma shi ya ka kaɗawa! Na yi wata da watanni ina neman sunan abin ga da Faransanci, ashe yana rataye ɗakin kakana."

Tanko ya leƙo ya ce, "Malam, da safe ladan, da marece makaɗi, kai kam ka kama duniya da lahira." Malam ya ce masa ya koma ya ƙarasa wandon mutane da ya riƙe tun azumi.

Da yamma Alhaji Sani ya zo da igiyar awo. Malam ya ce masa zaure ya cika, ya nemi wani wuri. Alhaji ya ce kiɗan yini ɗaya ba ya ciyar da gida. Gaskiyarsa ne kuwa, sai dai kafin bukukuwan kaka su ƙare wani ya zo daga Madawa ya ce irin ta Salifu yake so, bayansa wani daga Maraɗi, har daga Agadas aka zo. Ba su da yawa, ba mu yi arziki ba. Amma ba wanda ya sake maganar share zaure, kuma na ci gaba da naɗi har sai da idona ya daina ganin siririyar waya.

Wani abu kuma, ba mu taɓa yin biyu iri ɗaya ba. Na Madawa ya ce irin ta Salifu, amma da na saurare shi na ji hannunsa ya fi nauyi, da an ba shi irin ta Salifu da sai ta zama hayaniya. Mutanen da ke zuwa wurinmu sun san abin da suke so sarai, kalmar ce ba su da ita. Wani zai ce datti, wani ya ce zafi, wani ya ce yana so ta yi kuka. In ka kama kalmar ka yi fushi, ko ka gina abin da kai ka ga ya dace, ka yi aikin banza ko da ya yi kyau. Amfilifayar farko ba ta da aibi ko ɗaya, wani masallaci a Darna ya ɗauke ta ya daɗe yana amfani da ita. Ba ta Salifu ba ce kawai.

Shi ya sa tun daga lokacin Malam ya kafa dokar da kuke gunaguni a kanta, kuna cewa ɓata lokaci ne. Duk wanda ya zo a haɗa masa, ba a taɓa dalma sai ya zauna ya kaɗa tukuna, ba wuta, da duk tarkacen da ya maƙala wa jitarsa, kuma ba mai ce masa ya cire. Ɗazu na ji wani ya yi sallama da jita a kafaɗa, kuma na ji ɗayanku ya tashi zai kunna masa akwati. Ku ba shi kujera da ruwa. Ku gyara mini tabarmata kusa da bango, idona ne ya tafi, kunnen yana nan.